Ciwon gwiwar hannun Abba: daga kemis har ɗakin gashin ƙashi

Ɗana Abba yana da shekara 13 lokacin da abin ya same shi, yana aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Kano. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata baiwar Allah da muka haɗu a bencin asibiti, ita ma ta kawo yaronta ɗan ƙwallon hannu yana riƙe da gwiwar hannu. Tambayoyin da ta yi mini su ne ni ma na yi ta yawo da su wata biyu kafin nan, ban sami mai amsa mini ba. Mun ɓata kusan sati shida muna zagaye, kuma rabin laifin nawa ne.

A wayata abin ya samo asali. Abba ya ci karo da bidiyon Julius Yego, ɗan Kenya ɗin nan da ya koyi jifan mashi ta kallon YouTube, har ya zama gwarzon duniya a 2015 da jifa mai nisan mita 92.72. Tun daga ranar yaro ya sami sana'a. Ya samo gora ya fiƙe bakinta, kullum bayan la'asar yana filin bayan gidanmu. Da aka fara shirin gasar gidaje ta makaranta, malamin wasanni ya ga hannunsa ya ɗauke shi. Mashi ɗaya tal makarantar take da shi, na manya ne mai nauyin giram 800, da shi kowa ke jifa, babba da yaro. Abba sai ya yi jifa a makaranta da safe, ya dawo ya ci gaba da gorarsa da yamma, ranar Asabar kuma ya tafi ƙwallon hannu da yaran unguwa. Ni kuwa daɗi nake ji. Ni ne ma mai auna masa nisan jifa da taku idan na dawo daga kasuwa da wuri.

Wajen alwala na fara lura. Ina zaune a ƙofar ɗaki yana wanke hannun dama, da ya zo gwiwa sai na ga ya yamutsa fuska ya tsallake wurin da sauri. Na ce, “Kai, lafiya?” Ya ce, “Ba komai Baba, ɗan tsami ne.” Na sa ya nuna mini, sai ya ɗora yatsa a kan ɗan tudun ƙashin nan da ke gefen ciki na gwiwar hannu, kusa da inda in ka buge kake jin kamar lantarki ya ja ka. Babu kumburi, babu ja. Na aike shi kemis. Aka ba shi ƙwayar kashe zafi da man shafawa na naira 1,800, washegari ya ce garau yake ji. A nan na yi babban kuskurena: da na ga ƙwayar tana aiki, sai na riƙa ce masa ya sha ɗaya kafin ya tafi atisaye. Sati uku muna haka. Ciwon yana ƙwala kira a tsaya, ni kuma ina toshe masa baki.

Ranar gasar, cikin Fabrairu, ina wurin. Jifa na farko ya yi kyau, na biyu ya ragu, a na uku mashin bai yi nisa ba sai na ga ya durƙusa ya rungume hannun a ƙirji. Bai ji wata ƙara ba, bai kuma faɗi ba. Da muka dawo gida wurin ya ɗan tasa, kuma hannun ya ƙi miƙewa gaba ɗaya, sai ya tsaya a ɗan lanƙwashe. Hajiya mahaifiyata ta ce targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori tun bai kwana ba. Yaron sunan mahaifina ya ci, don haka a kansa ba a jayayya da Hajiya. Muka je. Dattijon ya karɓe mu da mutunci, ya shafa, ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya. Ya kama hannun ya ja, Abba ya kurma ihun da har yau ina jin sa a kunnena, sannan ya shafa magani ya ɗaure da tsumma. Na ba da naira 3,000. Kwana biyu yatsun suka kumbura saboda matsewar ɗaurin, ummansa ta sassauta shi ba tare da ta gaya wa kowa ba. Bayan sati biyu ciwon ya kwanta, muka yi ta sa wa mai ɗori albarka. Bai zo mana a rai ba cewa sati biyun nan su ne karo na farko cikin wata huɗu da yaron bai jefa komai ba. Ya koma fili, kwana huɗu ciwo ya dawo, ya ma fi na da.

Daga nan na yi wani gajen haƙurin. Maimakon in ga likita tukuna, sai na kai shi wani shagon ɗaukar hoton ƙashi na kuɗi, na biya naira 7,000 aka ɗauki hannun dama. Matashin da ya ɗauka ya ɗaga hoton sama ya nuna mini wani ɗan guntun ƙashi da ke zaune shi kaɗai a gefe, da baƙin layi tsakaninsa da babban ƙashin. Ya ce, “Alhaji, ga shi nan ya ɓalle, wannan sai dai aiki.” A daren nan ban runtsa ba. Ina ta lissafin kuɗin tiyata, ina tuna ƙwayoyin da na riƙa miƙa masa da hannuna.

Washegari ƙarfe shida da rabi muna babban asibitin gwamnati. Wanda bai saba ba ya sani, layi uku ne kafin ka ga likita: na yankar kati, na biyan kuɗi, da na awo wurin nas. Kati naira 1,000. Ba mu shiga ba sai wajen ƙarfe ɗaya. Likitar matashiya ce, ba ta yi minti goma da mu ba, amma ita ce mutum na farko da ya tambayi Abba abin da yake yi da hannun. Ta danna wurin ya zabura. Ta dubi hoton ta ce kada in ɗaga hankalina da maganar ɓallewa, gwiwar hannun yara haka take fitowa gutsi-gutsi a hoto, amma likitan ƙashi ne zai tantance. Ta rubuta takardar turawa, ta ce daga yau ko dutse kada ya jefa. Takardar nan a riƙe ta da kyau, a yi mata kwafi biyu, domin a gaba an karɓe ta a wurin buɗe fayil, an kuma sake tambayata ita a ɗakin likita.

Asibitin ƙashi muka tafi kai tsaye da safiyar Laraba, muna zaton a ranar za a gan mu. Ashe in ba hatsari ba ne na gaggawa, kowane rukunin likitoci da ranarsa. Muka buɗe fayil a kan naira 3,500, aka ba mu ranar dawowa bayan kwana tara. Da na yi tambaya tun farko da ban fitar da yaro daga makaranta a banza ba, don ni kaɗai ma zan iya zuwa in karɓo ranar. Masu inshorar lafiya na ga ana tura su wani ofis daban, ana neman takarda daga asibitin da suka yi rajista, to su ma gara su tanade ta tun daga gida.

Ranar da aka ba mu, mun isa bakwai saura, duk da haka mu ne lamba 34. Ku taho da ruwa da abin taɓawa, da kuɗi a hannu ko da kuna da katin banki, saboda na'urar biya takan ƙi. Wani ƙaramin likita ya fara ganin mu wajen sha ɗaya. Tambayoyinsa suka ba ni kunya. Jifa nawa yake yi a rana? Kwana nawa a sati? Nauyin mashin nawa ne? Yaushe rabonsa da ya huta sati guda cur? Ni da nake auna nisa da taku ban taɓa ƙirga yawa ba. Abba ne ya ce yakan yi arba'in ko hamsin, wani lokaci fiye. Likitan ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba, ya ci gaba da rubutu. Ya danna gefen ciki, ya danna gefen waje, ya riƙe damtsen ya tura hannun waje a hankali, ya ƙwanƙwasa bayan tudun yana tambaya ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna yi masa kamar ana tsira allura ko suna mutuwa. Abba ya ce a'a. Ya tambaya ko gwiwar takan sarƙe ta ƙi motsi, nan ma a'a. Sai ya rubuta a ɗauko sabon hoto, hannu biyu, ta gaba da ta gefe. Na ce, “Likita, ai na hagun lafiyarsa ƙalau, ga kuma hoton dama na zo da shi.” Ya ce, “Baba, na hagun ne ma'auninmu.” Raina bai so ba, na biya naira 12,000, muka sake wani zaman na awa biyu.

Sai bayan azahar muka shiga wurin babban likitan. Ya jera hotunan biyu a jikin allo mai fitila, ya kira ni kusa. Ga guntun ƙashin nan da ya hana ni barci, ga kuma irinsa sak a hannun hagu da ba abin da ya same shi. Bambancin kawai, baƙin layin na dama ya ɗan fi na hagu faɗi, in ba an nuna maka ba ma ba za ka lura ba. Ya ce gwiwar hannun yaro tana da cibiyoyin ƙashi shida da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana haɗe da babban ƙashi ta guringuntsi, kuma guringuntsi ba ya fitowa a hoto, shi ne ake gani kamar rata. Ta wannan guringuntsin ƙashi yake girma. Na tudun ciki shi ne kan makara wajen haɗewa, a yara maza sai wajen shekara 15 zuwa 16, mata kuma sukan riga su. A kan tudun nan tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu suke kamawa, nan kuma jijiyar da ke riƙe gefen ciki na gwiwar take. Ya ɗaga nasa hannun ya kwatanta jifa: lokacin da gwiwa ta yi gaba, mashi yana baya, gefen ciki yana buɗewa ana jan sa, gefen waje kuma yana matsewa. A babba, jijiyar ce kan gaji ko ta yage. A yaro kuwa jijiyar ta fi guringuntsin ƙarfi, don haka guringuntsin ne ke shan wahalar, kamar igiya mai ƙwari da aka ɗaure a jikin danyen reshe. Ana ta ja kullum ba hutu, sai ya kumbura ya fara buɗewa. In aka ci gaba, wata rana jifa ɗaya zai fizge tudun gaba ɗaya, kuma idan ya matsa da yawa daga mazauninsa, a nan ne ake maganar aiki a kafe shi da ƙusa.

Ya ce ciwon sananne ne, a Amurka tun 1960 likitoci suka laƙaba masa sunan gasar besbol ta yara, Little League, saboda yawan yaran da ke jefa ƙwallo da ake gani da shi. Can har doka suka yi daga 2007: yaro ɗan 11 zuwa 12 ba zai wuce jifa 85 a wasa a rana ɗaya ba, kuma wanda ya yi jifa da yawa dole ya huta kwanaki kafin ya sake. Ƙwallonsu kuwa ba ta kai giram 150 ba. Ya ce a yi tunanin ɗan shekara 13 da mashin giram 800, alhali na sa'o'insa bai kamata ya wuce 600 ba. Na tambaye shi batun hoton MRI, wato hoton na'ura da ke nuna har guringuntsi da jijiya, don wani abokina ya ce lallai sai an yi. Ya ce a yanzu babu buƙata. Da ciwon a gefen waje yake, ko gwiwar tana sarƙewa, ko yatsu suna mutuwa, ko kuma aka huta bai lafa ba, to da sai a yi, domin akwai wani ciwon da ke cin guringuntsin gefen waje wanda ya fi wannan haɗari. Na ce to wane magani za a rubuta? Ya yi murmushi ya ce, “Malam, maganin ba na saye ba ne, shi ya sa yake da wuyar sha.” Sati shida ba jifa kowane iri. A rataye hannun a wuya na ’yan kwanaki kawai don ya sami sauƙi, a riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma in yana zafi, sannan a je sashen gashin ƙashi. Da na faɗa masa zancen ƙwaya kafin atisaye, bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, duk yaron da sai ya sha magani zai iya jifa, to ba shi da abin yi a fili ranar.

Sashen gashin ƙashi ya ba ni mamaki. Na zaci za a yi ta gasa gwiwar da na'ura ne, sai na ga matar da ke kula da shi ta fi damuwa da kafaɗarsa da ƙugunsa. Ta sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗan tsuguna, sai ga shi yana tangaɗi. Ta ce ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, ya bi ta baya da kafaɗa, in waɗannan ba su da ƙwari sai yaro ya riƙa fizga da hannu kaɗai, gwiwa ta biya bashin. Muna zuwa sau biyu a sati, kowane zuwa naira 2,500, ban da kuɗin adaidaita. Satin farko miƙe hannu ne a hankali har ya dawo daidai da na hagu. Daga baya aka shiga jan roba don kafaɗa da wuyan hannu. Robar da ake sayarwa ta yi mini tsada, ta ce in samo tsohon tub na keke in yanka. Shi muka ɗaure a ƙarfen taga, har yau yana nan.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kai shi ne halin da yaron zai shiga. Bayan sati biyu ciwo ya ɗauke, yana jin kansa lafiya lau, ga abokai suna fili. Ya daina hira, abinci ma sai an matsa. Lokacin kuma mangwaro ya fara nuna. A sati na uku ƙanwarsa ta kawo rahoto cewa ta gan shi yana jifan mangwaron maƙwabta. Na kira shi zan yi faɗa, ya ce, “Baba ai mashi aka hana ni.” Dariya ta kusa ƙwace mini. Da muka gaya wa mai gashin, ta ce hannu bai san bambancin mashi da dutse ba, ta kuma ba shi labarin Neeraj Chopra na Indiya, wanda aka yi wa aiki a gwiwar hannu a 2019, ya yi watanni ba ya gasa, ya dawo ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo. Wannan labarin ya yi abin da faɗana bai yi ba. Ta kuma ba shi izinin gudu da ƙwallon ƙafa, muddin ba zai tsaya a raga ba, ba zai kuma yi jifan gefe ba.

Na karɓi takarda daga likita na kai wa malamin wasanni da kaina. Na tafi da shirin rigima, na tarar da mutum mai sauƙin kai. Ya ce shi ɗan gudu ne a zamaninsa, ba wanda ya taɓa koya masa ƙa'idar jifa, kuma mashin da ya tarar a sito da shi yake aiki. Ya ce akwai wasu yara biyu da ke irin wannan kukan. Ɗayansu daga baya na gan shi a asibiti.

Da sati shida suka cika muka koma. Ba a sake hoto ba. Likita ya danna tudun da ƙarfi, Abba bai motsa ba, hannu yana miƙewa tas, ƙarfin riƙonsa daidai da na hagu. Duk da haka bai ce a koma mashi ba. Aka tsara masa komawa sannu a hankali: ƙwallon tanis tukuna, nisa kaɗan, a hankali, yau a yi gobe a huta. Duk sati a ɗan ƙara nisa. In ya ji zafi a wurin, a tsaya, a huta, a koma matakin baya. Sau ɗaya hakan ta faru. Sai a wajen sati na goma sha biyu ya riƙe mashi, mai giram 600 da malamin ya aro daga wata makaranta, yana jifa daga tsaye ba tare da gudu ba. Likita ya ƙara da cewa kowace shekara a ware masa wata biyu zuwa uku da ba zai yi jifa ta saman kai ba sam, kuma kada ya haɗa mashi da ƙwallon hannu a zango ɗaya.

Da na zauna na yi lissafi, abin da ya tafi duka ya kusa naira 70,000 har da kuɗin mota, a farashin wancan lokacin. Wajen 12,000 daga ciki, na kemis da ɗori da hoton farko, asara ce tsagwaronta, kuma asarar makonnin ta fi ta kuɗin ciwo. Da zan sake bi, ranar da na ga ya yamutsa fuska wajen alwala zan karɓe gorar. In bayan ’yan kwanaki na hutu wurin yana nan da zafi, ko hannu ya ƙi miƙewa, sai asibiti. Ba zan yi hoto ba sai likita ya rubuta, kuma ba zan yi gardamar ɗaukar hannu biyu ba. Zan je da amsar tambayoyin nan a rubuce: yaushe ya fara, daidai ina ne, jifa nawa, da wane nauyi. Ba na zagin masu ɗori, mutanenmu ne, amma hannun yaro mai girma ba abin ja ba ne alhali ba a san abin da ke ciki ba. Hajiya har yanzu ta tsaya a kan cewa ɗorin ne ya fara warkar da shi, ni kuma na bar ta a haka.

Yanzu Abba ya shiga 14. Akwai wani tsohon littafin lissafinsa da muka mayar na ƙirgar jifa, kwana uku a sati, ni ke ja masa layi. Jiya da yamma ya kai adadin da mai gashin ta yanka masa, na ƙarshen kuma ya fi duk na ranar nisa. Ya juyo ya ce, “Baba, ɗaya kawai.” Na rufe littafin, na je na zare mashin daga ƙasa na saɓa a kafaɗa, ya biyo ni a baya yana ƙunƙuni har gida.